Windows.old ta cinye giga 24 bayan ofdet: a goge ta ko a bari?

Abu_Hanifa88: Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ce mai SSD giga 128, an ɗaga ta daga Windows 10 zuwa Windows 11 kwana uku da suka wuce. Yanzu C ya yi ja, saura giga 9. Akwai wata folda Windows.old mai giga 24, da wasu guda biyu a ɓoye, $WINDOWS.~BT da $WINDOWS.~WS. Da na danna Delete a kan Windows.old sai ta ce sai da izinin TrustedInstaller. Shin goge su zai lalata wani abu? Kuma ta wace hanya ake gogewa?

InjiniyaZazzau: Wa alaikumus salam Malam. Windows.old tsohuwar babbar manhajarka ce gaba ɗayanta, an tattara ta gefe guda saboda idan sabuwar ta ba ka matsala ka iya komawa. Maɓallin Go back da ke Settings > System > Recovery da ita yake aiki, ita da $WINDOWS.~BT. Ranar da ka goge su, maɓallin ya mutu, komawa Windows 10 sai dai da filasha da sabon lodi.

Windows da kanta tana share ta bayan kwana 10. Kai kana kwana na uku, saura bakwai. Shawarata ka yi amfani da kwanakin nan ka gwada komai: firinta, sikana, sauti, kamara, Wi-Fi, Bluetooth, da duk manhajar da kake cin abinci da ita. In duk sun yi, goge ta ta nan: Settings > System > Storage > Temporary files. Jira ta gama lissafi, ka sa alama a Previous Windows installation, ka danna Remove files.

UmmuSalma_IT: Ƙari a kan na Injiniya, a wannan shafin na Temporary files akwai layin Downloads. Kar hannu ya kai can. Ba tarkacen ofdet ba ne, ainihin foldar da kake sauke kayanka ce, kuma abin da aka goge ta nan ba ya biyawa ta Recycle Bin. Karanta kowane layi kafin ka danna Remove files.

Bakatsine_01: Ni dai ban ga dalilin jira ba. Giga 9 a SSD ya yi kaɗan, ofdet ɗin wata mai zuwa ma zai iya maƙalewa saboda rashin wuri. Kuma komawa ina? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. In kwamfuta ta tashi lafiya, sauti da intanet suna yi, a share kawai.

InjiniyaZazzau: @Bakatsine_01 matsalar direba ba ta cika bayyana a rana ta farko ba. Tsohuwar firinta ko na'urar ɗaukar hoton yatsa sai ranar da aka jona ta ake sanin ta daina aiki. Mai shagon buga takardu da firintarsa ta tsaya, komawar minti talatin ta fi masa yini guda yana neman direba. Giga 9 za ta riƙe shi mako ɗaya in bai sauke manyan abubuwa ba.

MaiGyara_Kantin: Kafin maganar gogewa, akwai tambayar da ba a yi wa mai tambaya ba. Malam Abu Hanifa, ta yaya aka sa Windows 11 ɗin? Ta Windows Update, ko wani ne ya yi lodi da filasha?

Dalilin tambayar: hanya biyu ce ke haifar da Windows.old kuma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. In ta Windows Update ne, ko aka buɗe setup daga cikin Windows aka zaɓi a bar fayiloli da manhajoji, to takardunka da hotunanka an kwashe su zuwa sabuwar C:\Users, abin da ya rage a Windows.old galibi kayan tsohuwar manhaja ne. Amma in daga filasha aka tashi, aka zaɓi Custom, aka ɗora a kan C ba tare da fomat ba, to duk kayanka suna cikin C:\Windows.old\Users, kuma nan ne kaɗai suke. Desktop, Documents, Pictures, duka. Mai irin wannan in ya share foldar ya share aikinsa ne da hannunsa. A SSD kuma dawo da abin da aka goge da wuya yake, saboda TRIM yana sanar da na'urar ta wanke wuraren ba da jimawa ba, manhajojin dawo da fayil sai su tarar da wayam.

Kuma mai irin wannan lodi kar ya ɗauka foldar za ta zauna tana jiransa. Ya kwashe kayansa a ranar.

Abu_Hanifa88: Ta Windows Update ne Yallaɓai. Takarduna duk ina ganinsu a inda suke.

MaiGyara_Kantin: Madalla. Duk da haka leƙa C:\Windows.old\Users\sunanka sau ɗaya. Kunna View > Show > Hidden items don AppData ta fito. In babu abin da ka rasa, shi ke nan.

Ga masu lodin filasha da za su karanta wannan, ga wuraren da aka fi mantawa. Alamomin shafuka na Chrome suna AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default, fayil ne mai suna Bookmarks marar wutsiya, a rufe Chrome a kwafe shi zuwa wuri irinsa a sabuwar. Kalmomin sirri da Chrome ya adana ba sa biyo kwafi, don an kulle su da asusun tsohuwar Windows, sai dai wanda ya haɗa da asusun Google. Wasiƙun Outlook masu wutsiyar .pst yawanci suna Documents\Outlook Files. Firefox nasa yana AppData\Roaming\Mozilla\Firefox\Profiles. Masu CorelDRAW da masu zanen kati su duba C:\Windows.old\Windows\Fonts da kuma AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts, don nau'ikan haruffan da aka tara shekara da shekaru nan suke, har da na Larabci da Ajami. In babu su, tsohon aiki zai buɗe da wasu haruffa daban, tsarin shafi ya wargaje.

Hajiya_Server: Abu mafi daraja a Windows.old a wurina direbobi ne. Suna C:\Windows.old\Windows\System32\DriverStore\FileRepository. In wata na'ura ta fito da alamar rawaya a Device Manager, danna dama a kanta, Update driver, Browse my computer for drivers, ka nuna mata wannan foldar, ka tabbatar Include subfolders na da alama. Sau da yawa za ta tsinci direban da kanta ba tare da an ƙona data ba.

Wanda kuma komai ke aiki a sabuwar, ya ajiye kwafin direbobinsa tun yanzu. Ƙirƙiri folda a filasha, misali E:\direbobi, buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Girman ya danganta da kwamfuta, na katin hoto ne ke da nauyi.

Sadiq_Dev: Tsakanin Injiniya da Bakatsine akwai hanya ta uku ga wanda yake da wuri. Ana iya tsawaita kwana goman. A Command Prompt na admin:

DISM /Online /Get-OSUninstallWindow

zai nuna kwanakin da aka sa. Sannan:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:30

Yana karɓar daga 2 zuwa 60. In ka sa abin da ya fita daga wannan iyaka, 10 zai koma. Sharaɗin shi ne a yi kafin wa'adin ya cika. Bayan an share foldar umarnin zai ba da Error 1168, babu abin da zai tsawaita. A farkon Windows 10 wata guda ake bayarwa, a 2016 da fitowar sigar Windows 10 mai lamba 1607 aka rage zuwa kwana 10, shi ya sa za ku ga tsofaffin bayanai suna cewa kwana 30.

Bakatsine_01: Mutum na kukan giga 9 kuna cewa ya riƙe giga 24 har wata biyu?

Sadiq_Dev: Na ce ga wanda yake da wuri, ɗan'uwa. Ofis mai manhajar albashi da ake buɗewa sau ɗaya a ƙarshen wata, kwana 10 ba za su nuna masa matsala ba. Shi ne mai buƙatar 30 ko 40.

UmmuSalma_IT: Tunda ana maganar Go back, ba Windows.old kaɗai yake nema ba. Dole ka san kalmar sirrin da kake shiga tsohuwar da ita. In an yi amfani da filasha don ƙarin wuri lokacin ɗagawa, sai an sake jona ta. In ka buɗe sabon asusun mai amfani bayan ɗagawar zai ce ka cire shi. Kuma manhajojin da ka sa bayan ofdet mai yiwuwa sai ka sake sa su.

Dan_Gwandu: Tambaya a gefe. Ni na tashi daga sigar Windows 11 ta 22H2 zuwa 23H2 ban ga Windows.old ba, amma maƙwabcin tebur da ya je 24H2 ya same ta. Me ya bambanta?

InjiniyaZazzau: @Dan_Gwandu 23H2 ɗan ƙaramin kunshi ne da ke kunna abubuwan da riga suna cikin 22H2, ba a canza babbar manhajar ba, don haka babu abin ajiyewa gefe. 24H2 kuwa cikakken musanye ne, kamar tashi daga 10 zuwa 11. Daga 24H2 zuwa 25H2 an sake komawa ƙaramin kunshi. Ofdet na wata-wata ma ba ya haifar da Windows.old, nasa ragowar a foldar WinSxS, ma'ajiyar kayan Windows, yake taruwa.

Kwamfuta_Doctor: To ai nan ne babban ɓarawon wuri. A duba C:\Windows\WinSxS, wani lokaci Properties na nuna fiye da giga 15. A rage ta kawai.

Hajiya_Server: A'a Malam, a yi hattara da wannan. WinSxS ba a sa mata hannu. Duk wanda ya buɗe ta ya goge fayil da kansa, ofdet zai daina shiga, sfc, umarnin da ke gyara fayilolin Windows, ba zai iya gyara ba, wani lokaci kwamfutar ma ba za ta tashi ba. Kuma girman da Properties ke nunawa ba gaskiya ba ne. Fayiloli da yawa a can su ne dai waɗanda ke System32, abu ɗaya ne a kan faifai mai suna a wuri biyu, kamar shago ɗaya mai ƙofa biyu, mai ƙirga ƙofa sai ya ce shago biyu ne. Ainihin lissafin yana nan:

DISM /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

Duba layin Actual Size of Component Store, da Backups and Disabled Features, da na ƙarshe Component Store Cleanup Recommended. In ya ce Yes:

DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Windows na da aikin da ke yin wannan da kansa a Task Scheduler, amma yana jira kwana 30 bayan ofdet kafin ya cire tsohon kaya, kuma awa ɗaya aka ba shi, in bai gama ba ya tsaya. Umarnin hannu ba ya jiran kwana 30 ɗin. Zai iya tsayawa a kashi ɗaya na tsawon lokaci kamar ya maƙale, a bar shi.

Sai dai ga mai tambaya, wanda kwanansa uku da ɗagawa, WinSxS ɗinsa sabuwa ce, ba zai samu abin kirki a nan ba. Wannan na waɗanda suka shekara suna karɓar ofdet ne.

Kwamfuta_Doctor: A ƙara /ResetBase a ƙarshe, ya fi kwashewa.

Hajiya_Server: Yana da farashi. Bayan /ResetBase duk ofdet ɗin da ke kan kwamfutar a lokacin ba za a iya cire shi ba. In na wannan watan ne ya lalata firinta, ka rufe wa kanka ƙofar Uninstall updates. Mai shirya kwamfuta ɗaya da za a kwafa zuwa ɗakin jarrabawa ko ɗakin koyarwa, shi ya dace da shi. Kwamfutar aiki ta yau da kullum ban ga ribar da ta kai haɗarin ba.

Sadiq_Dev: Kuma duk wanda zai yi Windows Update Cleanup ko DISM, ya jona caja, batir ya cika. Wani ɓangaren aikin sai an sake kunnawa yake ƙarasawa, allon zai nuna Cleaning up. In wuta ta ɗauke a nan kuma batir ya mutu, ma'ajiyar WinSxS na iya lalacewa. Mai kwamfutar tebur marar UPS ya bari sai lokacin da ya tabbatar da wuta ko an tada janareta. In hakan ta riga ta faru:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sannan sfc /scannow. Na farkon yana iya buƙatar intanet.

Abu_Hanifa88: Allah ya saka da alheri. To sauran biyun fa, $WINDOWS.~BT da $WINDOWS.~WS?

InjiniyaZazzau: $WINDOWS.~BT kayan aikin ɗagawar ne da bayanan yadda ta gudana, kuma Go back na buƙatarta, don haka tare da Windows.old za su tafi. $WINDOWS.~WS yawanci Media Creation Tool ke barin ta. Hanyar da ta fi kwashe su duka ita ce tsohon Disk Cleanup: danna Start, rubuta cleanmgr, zaɓi C, danna Clean up system files. In ba ka danna wannan maɓallin ba layukan ba za su fito ba, nan mutane da yawa ke cewa ba su gani ba. Sa alama a Previous Windows installation, Temporary Windows installation files, da Windows upgrade log files. Zai yi gargaɗi cewa ba za ka iya komawa ba, ka ce Yes. Wanda ɗagawarsa ta gaza ya bar log files tukuna, don a cikin Panther da ke $WINDOWS.~BT\Sources ake karanta setuperr.log a gane abin da ya hana.

Gwani_Ubuntu: Mu a Ubuntu abin layi biyu ne, sudo apt autoremove --purge ya cire tsofaffin kernel, sudo apt clean ya wanke /var/cache/apt/archives. A duba uname -r tukuna, kuma a karanta jerin abin da zai cire kafin a ce y.

UmmuSalma_IT: Gwani a buɗe wa Linux nasa zauren, kar mai tambaya ya rikice.

ƊanDamagaram: Salamu alaikum. Tawa matsalar daban ce. Disk Cleanup ya gama, layin ya ɓace, amma foldar Windows.old na nan da 'yan fayiloli, ta ƙi gogewa. Na bi umarnin takeown na karɓe mallakar fayil da ake yaɗawa, mai /D Y a ƙarshe, ya ƙi karɓa. Windows ɗin na Faransanci ne.

Sadiq_Dev: Wa alaikumus salam. Harshen ne. Y ɗin na Yes ne, a Windows na Faransanci O ake sawa, na Oui. Haka sunan rukunin admin, a can Administrateurs ne, shi ya sa icacls mai administrators ke faɗuwa. Lambar rukunin kuwa ɗaya ce a kowane harshe, da ita za ka yi aiki. A Command Prompt na admin, ɗaya bayan ɗaya:

takeown /F C:\Windows.old /R /A /D O /SKIPSL

icacls C:\Windows.old /grant *S-1-5-32-544:F /T /C /L /Q

rd /s /q C:\Windows.old

Masu na Turanci su mayar da O zuwa Y. Kar a cire /SKIPSL. A cikin Windows.old akwai mahaɗai da ke nuni zuwa wasu wurare a C, in babu shi takeown na iya bin su ya canza mallakar fayilolin Windows ɗin da kake kai. Kuma ka karanta layin rd sau biyu kafin Enter. In ka bar tazara tsakanin Windows da .old, foldar C:\Windows ka nuna masa, kuma /q na nufin ba zai tambaye ka ba.

MaiGyara_Kantin: Ni na fi son a kauce wa takeown gaba ɗaya. Riƙe Shift ka danna Restart, Troubleshoot, Advanced options, Command Prompt. A can babu manhajar da ke riƙe da fayil, riga-kafin bairos ma bai tashi ba. Harafin faifai kan canza a wurin, C na iya zama D, don haka rubuta dir C:\ da dir D:\ ka ga inda Windows.old take, sannan rd /s /q da harafin da ya dace. In an kulle faifan da BitLocker zai nemi lambar ceto mai lamba 48 kafin ya buɗe. A tanade ta tun kafin a sake kunnawa, manage-bde -protectors -get C: zai nuna ta, ko a duba asusun Microsoft ta waya. In duk da haka fayil ya ƙi, a yi chkdsk C: /f, wataƙila tsarin faifan ne ya samu rauni.

ƊanDamagaram: Na gode ƙwarai, O ɗin ya karɓa. Foldar ta tafi.

Hajiya_Server: Tunda an fara buɗe ɓoyayyun foldoji, ga waɗanda ido zai kai kansu kuma ba tarkace ba ne. C:\Windows\Installer, ko ta kai giga nawa, a bar ta: Office da sauran manhajoji da ita suke gyara kansu, da ita ake cire su, kuma abin da ke ciki na wannan kwamfutar ne kaɗai, ba a kwafowa daga wata. C:\inetpub da ta bayyana wayam tun ofdet ɗin Afrilu 2025, Microsoft ta ce kar a goge ta, ɓangare ne na toshe wata kafar tsaro. Ƙananan ɓangarorin faifai na Recovery da EFI da ake gani a Disk Management su ma haka.

Wadda za a iya wankewa ita ce C:\Windows\SoftwareDistribution\Download, amma sai babu ofdet da ke jiran a sake kunnawa. net stop wuauserv, net stop bits, a goge abin da ke cikin Download kawai, sannan net start bits, net start wuauserv. In akwai wanda aka sauke ba a sa ba, za a sake sauke shi daga farko, mai sayen data ya lura. DataStore da ke kusa da ita tarihin ofdet ne, a bar ta.

Dan_Gwandu: Maƙwabcin nawa mai 24H2, Disk Cleanup na ta nuna masa giga 8.63 na Windows Update Cleanup, ya share ya sake dawowa.

InjiniyaZazzau: Sananniyar matsala ce ta farkon fitowar 24H2 a Oktoba 2024. Microsoft ta ce kuskuren lissafi ne a abin da ake nunawa, kuma ta gyara a ofdet na baya. Ya yi ofdet zuwa na yanzu, kar ya shiga farautar fayilolin da hannu.

Bakatsine_01: In dai za a tilasta wa Malam jiran kwana bakwai, to a ba shi wuri ta wata hanya. powercfg /h off zai cire hiberfil.sys, fayil ɗin Hibernate, giga da dama ne gwargwadon RAM.

UmmuSalma_IT: Zai cire, amma Hibernate da Fast startup za su tafi tare da shi. Laftof mai raunin batir, Hibernate ne ke adana aikin da ke buɗe in batir ya kai ƙarshe babu wuta. In dole ne, powercfg /h /type reduced na rage girman fayil ɗin ya bar Fast startup, amma shi ma babu cikakken Hibernate. Ni da zan zaɓa masa, ya kwashe bidiyo da manyan fayilolin Downloads zuwa filasha, ya share Delivery Optimization Files a Temporary files, wannan ba ya taɓa Go back. Mai kwamfutoci da yawa a layi ɗaya ne kawai zai so ya bar su, don da su sauran ke karɓar ofdet daga juna ba tare da kowacce ta ja data ba.

Sadiq_Dev: Akwai kuma Reserved storage, kusan giga 7 da Windows ke keɓewa tun sigar Windows 10 mai lamba 1903 don ofdet ya samu wurin aiki. Ana gani a Storage > Show more categories > System & reserved. Ana iya kashe shi da DISM, amma a faifai mai giga 128 shi ne ke hana ofdet maƙalewa, wato abin da Bakatsine ke tsoro tun farko. A bar shi.

Abu_Hanifa88: Na kwashe bidiyoyi na share Delivery Optimization, yanzu saura giga 15. Firinta da sauti sun yi. Sikana ce ban gwada ba sai ranar Litinin, don haka zan bar Windows.old zuwa lokacin. Tambaya ta ƙarshe: in na share ta, System Restore zai iya mayar da ni Windows 10?

InjiniyaZazzau: Ba zai iya ba. Ɗagawar tana share tsofaffin wuraren komawa na System Restore, kuma ko da suna nan ba sa tsallaka daga 11 zuwa 10. Duba ma ko a kunne yake: Start, rubuta Create a restore point, zaɓi C, Configure, Turn on system protection, ka ba shi kamar giga 4 ko 5, sannan Create. Wannan zai taimake ka in wani direba ya ba da matsala nan gaba a cikin 11 ɗin.

MaiGyara_Kantin: Kafin Litinin kwafi foldar FileRepository da Hajiya ta ambata zuwa filasha. In sikanar ta ƙi, gwada direban daga can tukuna kafin ka taɓa Go back. Wace iri ce, kuma ta USB take ko ta Wi-Fi?